Hoton da ke leƙa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya bayan ɗaya

Yau hirar ta ƙwaƙwalwa ce, amma daga sanƙarau za mu faro.

Mutanen Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar ba sai an tuna musu da farkon 2023 ba. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da sanƙarau a Najeriya, kusan kashi uku cikin huɗu a Jigawa, ga Damagaram ma tana fama a tsallaken iyaka. Cutar tana kama tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ne. A cikin waɗanda suka tashi kuwa, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko karatu ya daina zama. To me cutar ta lalata a ciki? Amsar tana can wajen ƙwayoyin jijiya da 'yan hanyoyin jini waɗanda hoton asibiti ba ya iya gani.

Hoton CT na asibiti iyakacinsa abin da ya kai wajen rabin milimita, wato maikiron 500. Ƙwayar jijiya ɗaya kuwa sau da yawa maikiron 10 ce zuwa 20, kuma muna da su kusan biliyan 86 a kai. Shi ya sa da, in ana son ganinsu, sai a yanka ƙwaƙwalwar falle-falle, fiye da sirantar kilishi nesa ba kusa ba, a duba kowanne a madubin likita. Ka ga an gani, amma an wargaza ginin.

Yanzu ga sabon abu. A birnin Grenoble na Faransa akwai wata na'ura, ESRF, zobe ne mai kewayen mita 844. Ana koro ƙwayoyin lantarki a cikinsa da gudun da ya kusa na haske, su kuma su riƙa fitar da hasken eksire mai ƙarfin da ya ninka na asibiti har sau biliyan 100. A 2021 masanan wurin da na jami'ar UCL ta Landan suka fitar da dabarar da suka kira HiP-CT.

Nan ne wurin da ya fi burge ni. Eksiren asibiti inuwa yake ɗauka: ƙashi ya tare haske, ya fito fari. Ƙwaƙwalwa kuwa duk laushinta ɗaya, sai ta fito dishi-dishi. Ita wannan dabarar lanƙwasar hasken take aunawa. Kun san yadda iska ke rawa a kan kwalta da bazara, a hanyar Gumel zuwa Maigatari? Iska ba ta da launi, amma kana ganinta saboda ta karkatar da haske. To haka kowace ƙwaya ke ɗan karkatar da eksiren. Sai a sa ƙwaƙwalwar a tulu, a yi ta juya ta ana ɗaukar dubban hotuna, kwamfuta ta haɗa su. Ka ga ƙwaƙwalwa sukutum a kan maikiron 25, sannan ka zuƙo wurin da kake so har kusan maikiron ɗaya, ba wuƙa ba yanka.

Amma fa kar wani ya fara tara kuɗin jirgi. Ba a yi wa mai rai. Hasken ya fi ƙarfin jiki. Gaɓoɓin mamatan da suka yarda a yi bincike da jikinsu ake sawa. Yaron da wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi, abin da zai cece shi a garzaya asibiti a ranar, a ɗebi ruwan bayansa a gwada, a fara allura. Ga kuma rigakafin Men5CV da Najeriya ta riga kowa fara yi a 2024.

Abin da ke ɗan ci mini rai shi ne duk faɗin Afirka babu irin wannan zoben ko ɗaya. Jodan ma ta buɗe nata, SESAME, tun 2017. Masanin da ke Kano ko Dutse mai son ganin ɓarnar sanƙarau a wannan matakin, sai ya rubuta takardar neman lokaci a na'urar wasu, ya jira layi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.