Tsofaffin Takardun Kuɗi da Alkawalin Zinariya

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, tare da malamansu, musamman na jihar Tawa: na Madawa, da Buza, da Keita, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Wanda ke da takardar kuɗi a aljihu ya fiddo ta ya riƙe, don yau ita ce allonmu. In kuma akwai tsohuwar takarda wadda ta daina ci, tana kwance ƙasan akwati ko cikin gafakar tsoho, a aiki yaro ya ɗauko ta.

A ƙasashe da yawa akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin takardun kuɗi. Suna neman su, suna jera su cikin littafi, suna nazarin rubutun da ke jikinsu. Waɗanda sunka fi so su ne na zamanin da zinariya ke tsaye bayan takarda. Mu ma muna da tsofaffin kuɗi a gidajenmu. Yau za mu ga mi ake nufi da takarda mai zinariya, mi namu tsofaffin kuɗin ke koya mana, wace takarda ta kamata a ajiye, wace ce kuma ajiye ta hasara ce.

Kakanninmu na Adar da Gobir ba su san takardar kuɗi ba. Wuri ne kuɗinsu, ana zuba shi ƙasa a ƙirga, dubu guda a ce zambar. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda ta azurfa. Dalar da ta fi yawo a ƙasar Hausa ita ce ta ƙasar Ostiriya, mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda mata ke sawa cikin kayan ado. Da Faransawa sunka zo wajen 1900, sunka kawo tammarsu, sunka ce da ita za a biya haraji. Babban ƙarfensu na azurfa mai tamma biyar sai ya gaji sunan dala. Shi ya sa har yau rubutu da baki ba su faɗin abu guda. Takarda ta ce 500, mu mu ce dala ɗari. Takarda ta ce 1000, mu ce jikka, wato dala ɗari biyu. Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau: abin da ka gani a rubuce, raba shi biyar, ka samu dala.

To, mi ke nan takarda mai zinariya? Ku ɗauki misalin bankin hatsi na gari. Ka kai buhu goma na hatsi, anka zuba rumbu, anka ba ka takardar shaida. Takardar ba a tuƙa tuwo da ita, amma kowa ya san ran da ka kai ta za a buɗe rumbu a auna maka. Haka takardar kuɗi ta fara. Banki yana ajiye zinariya, ya buga takarda, ya yi alkawali cewa duk wanda ya kawo ta za a ba shi ƙarfe daidai da abin da ke rubuce. Darajar takarda tana ga alkawalin, darajar alkawalin kuma tana ga abin da ke cikin rumbu.

Alkawalin nan bai ɗore ba. A watan Agusta na 1914, da yaƙin duniya na fari ya tashi, Faransa ta daina ba da zinariya a kan takardunta. A 1928 ta sake ɗaura tammarta ga zinariya, amma nauyin da ta sa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na dā ba, kuma a 1936 ta sake kwance ɗaurin. Ingila ta bari a 1931. Amurka tana da takardu na musamman masu hatimi ruwan ɗorawa, da rubutun cewa za a biya mai su da zinariya. A 1933 gwamnatinsu ta ce kowa ya maido su, sai a 1964 ta yarda masu sha'awa su riƙe su don tarihi. Ranar 15 ga Agusta 1971 shugaba Nikson ya rufe ƙofar da ta rage, wadda gwamnatoci ke bi su canza dalar Amurka da zinariya. Yau ko ka samu irin takardun nan, ba bankin da zai auna maka zinariya a kansu.

Mu dawo gida. Bankin Afirka ta Yamma, wanda Faransawa sunka kafa a 1901, shi ya riƙa buga takardun kuɗi na yankinmu. A 1917, da ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙi, gwamnatin mulkin mallaka ta fiddo ƙananan takardu na rabin tamma, da tamma guda, da tamma biyu. Mutanen karkara sun fi yarda da azurfa, don gara ba ta cin ta, wuta ba ta ƙone ta. Kafin takarda ta zama ruwan dare a kasuwannin Madawa da Buza da Tamaske, zamanin zinariya ya wuce. Sefa an haife ta ranar 26 ga Disamba 1945, an ɗaure ta ga kuɗin Faransa, kuma tun 1999 ga yuro take ɗaure: yuro guda sefa 655 da ɗoriya, wato dala 131 da ɗan kai. Ba a taɓa kai sefa banki a karɓo zinariya ba.

Yanzu ku dubi takardar da ke hannunku. A fuskarta akwai siffar kifi mai dogon baki kamar zarto. Wannan hoton ma'auni ne na tagulla, wanda mutanen Akan na Gana da Kodebuwa ke auna garin zinariya da shi, shi ne kuma tambarin babban bankinmu, BCEAO. Abin da ya rage na zinariya a jikin takardarmu ke nan, hoton ma'auninta. Ku juya bayanta. Dala ɗari dorina ce, jikka raƙuma, jikka biyu kifaye, jikka biyar dabbobin daji masu ƙaho, jikka goma tsuntsaye.

Ku koma fuskar, ku nemi dogon layin lambobi. Lambobi biyu na farko suna faɗin shekarar takardar: in kun ga 19, to 2019 ke nan. Kusa da lambobin akwai harafi guda babba. Ƙasashe takwas ke cin kuɗin nan, kowace da harafinta. H na Nijar ne. A Kodebuwa, B Benin, C Burkina Faso, D Mali, K Senegal, T Togo, S Gine Bisau. Idan ɗanku ya dawo bida daga Abijan, ku duba kuɗin da ya kawo, za ku ga A da yawa. Duk ɗaya suke ci a kasuwa, kada wani ya rage maka ko dala don harafin ba H ba ne. A tsofaffin takardu ana iya cin karo da harafin E. Na Muritaniya ne, wadda ta fita ta yi kuɗinta a 1973, kuma masu tarawa suna son sa don ba a ƙara buga shi ba. Masu takardar naira su ma su duba: a manyan takardunta akwai ajami, an rubuta yawan kuɗin da Hausa.

Ga inda maganar ta fi shafar aljihu. Takardar kuɗi tana mutuwa, kuma mutuwarta da sanarwa take zuwa. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canza launin nairarta, ta rufe iyaka, ta ba da kwanakin da ba su kai sati biyu ba. Masu albasa da tabarmi da dabbobi na Madawa da Bangi da Ƙwanni, wanda duk ke riƙe da naira a wannan gefe ya ji a jikinsa. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa da rabi. Tammar Faransa guda da ake saye dala goma ta koma dala ashirin. Rubutun takarda bai canza ba, amma magani da taki da kayan waje sunka yi tsada. A 2004 kuma BCEAO ta janye takardun samfurin 1992, har da mai jikka biyu da rabi, wadda matasan yau ba su sani ba. An ba da wa'adi daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba. Wanda ya ji sanarwa ya kai nasa ya canza. Wanda ya bizne kuɗin gumin shekaru cikin tukunya bai ji ba, ko ya ji bai gane ranar ba, da ya tone sai ya tarar da takarda kawai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Don haka a raba abu biyu. Kuɗin da ke ci ba a tara su cikin tulu ko ƙarƙashin katifa shekara da shekaru. A kai su banki ko asusun ajiya, ko a sa su cikin tumaki da hatsi. Kuɗin da sunka daina ci kuwa kada a zubar, kada a ba yara su yayyaga. Su ne za mu tara.

Ga yadda ake yi. A samu littafi mai tsabta, a shimfiɗa kowace takarda tsakanin shafi biyu, ba tare da an naɗe ta ba. Kada a sa mata danƙo, kada a wanke ta, kada a goge ta da dutsen guga, kada a yi rubutu a kanta. A sa littafin cikin akwatin ƙarfe, nesa da laima da gara da kusu, kuma kada a bar shi cikin rana. A shafin da ke kusa ɗalibi ya rubuta da hannunsa: ƙasa, shekara, yawan kuɗin da tamma da dala, da wanda ya ba da ita. Sa'an nan ya tafi wurin tsohon da ya ci zamanin takardar ya tambaye shi: Baba, mi jikka ke saye a lokacinku? Tiya nawa ta hatsi? Nawa ne sadakin Inna? Nawa kunka biya haraji? A rubuta amsar ƙarƙashinta. Ran da tsohon ya kau, takardar da maganarsa suna nan. A Dakar babban banki yana da gidan tarihin kuɗi. Ba abin da zai hana makarantar yaƙi da jahilci ta Ibohaman ko ta Karofan ta yi nata littafin.

Sai gargaɗi. Masu tarawa na ƙasashen waje suna biyan kuɗi mai kauri a kan takardar da ke da wuyar samu, wadda ba ta naɗe ba, ba ta yi datti ba. Mafi yawan namu sun sha hannu da zufa, kuɗinsu kaɗan ne, amfaninsu tarihi. In wani ya zo ya ce tsohuwar takardarka akwai zinariya cikinta, ka kawo kuɗin mota ya kai ta inda za a fidda, ɗan damfara ne. Ko a zamanin zinariya, ƙarfen yana banki, takarda takarda ce. In kuma ya nuna maka dalar azurfa ya ce ta haura shekara ɗari biyu don ga 1780 a jikinta, ka sani duk wadda anka buga bayan rasuwar sarauniyar, 1780 ake sa mata, ko da ta bana ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kafin ka saya ko ka sayar, ka kai wa malaminku, ku karanta tare.

Ga aikin wannan mako. Malamai su rubuta tambayoyin nan a allo:

1. Takarda ta ce 5000. Dala nawa ke nan, jikka nawa?
2. Wane harafi ne na Nijar? Haruffa iri nawa kunka samu cikin kuɗin ƴan aji?
3. Wace shekara ce a jikin takardar da ke hannunka?
4. Kowa ya nemo tsohon kuɗi guda daga gida, takarda ko ƙarfe ko wuri, tare da labarin da mai shi ya bayar.

Ku aiko mana amsoshinku ta hannun malamanku, kowa da rubutun hannunsa, za mu karanta waɗanda sunka iso cikin shiri mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka cikin nemanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.