Maƙeri Mai Haruffa Bakwai



Zan fara da kacici-kacici. Maƙeri ne a ƙasar Italiya, sunansa haruffa bakwai, ya fi kowane doki gudu. Amsa ita ce Ferrari. Asalin sunan daga kalmar ƙarfe ne a harshensu, watau mai motar nan da ake ji da ita jikan maƙera ne.

Irin wannan tambaya ita ce ran wasan cike gurbin kalmomi da muke gani a jaridu. Akan ce Arthur Wynne, mutumin Ingila, shi ya ƙago shi a jaridar New York World ta Amurka ran 21 ga Disamba, 1913. Amma tun 1890 wani Ba'italiye, Giuseppe Airoldi, ya buga ɗan ƙaraminsa mai gida huɗu a tsaye, huɗu a kwance. A 1932 kuwa aka kafa mujallar La Settimana Enigmistica a Milan, wadda ba ta da aiki sai wasa ƙwaƙwalwa. Mu ma zana gidaje a cike su ba baƙonmu ba ne: Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimin lissafi.

To, sunayen Italiyawa kansu kacici-kacici ne masu amsa. Sartori maɗinki ne, Barbieri wanzami, Rossi ja. D'Alberto, na kamfanin gine-ginen nan Cappa da D'Alberto da aka kafa a ƙasar nan a 1932, daidai yake da mu ce Ɗan-Alberto. Da Vinci kuwa mutumin garin Vinci ne, kamar yadda muke cewa Aminu Kano ko Sa'adu Zungur. Abin da ya daskarar da sunayen nan shi ne rubutu: a 1563 majalisar malaman Katolika ta Trento ta wajabta wa kowace majami'a ajiye littafin baftisma da na aure, sai laƙabin kaka ya zama gadon jikoki.

Mu Hausawa a unguwa muka fi ajiye sunan sana'a. Dubi Dukawa da Soron Ɗinki a birnin Kano. Wannan al'ada tana da kyau, amma unguwa ba ta bin kaya zuwa kasuwar duniya, kuma nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya ratsa Challawa ko Sharada ya san warin jima. Fatun awaki da na tumaki da ake jemewa a can, Italiya tana cikin manyan masu sayensu. Can za a yanka su, a ɗinka takalmi da jaka, a buga musu sunan iyalin wani. Prada, alal misali, kantin kayan fata ne da wani Mario Prada ya buɗe a Milan a 1913. Yau sunan kaɗai ya fi fatar tsada. Majeminmu fa? Ko harafi guda ba shi da shi a jikin takalmin. Ba yau aka fara ba. Jar fatar akuyar Sakkwato da Kano da ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, da ta isa Turai sai aka raɗa mata suna fatar Maroko. Laifin ba na Ba'italiye ba ne, ya tsare sunan kakansa ne kurum. Masu kuɗinmu da suka yarda su tsaya a sayar da fata ba tare da ɗinka ta ba, su ya kamata a tambaya, musamman ganin yawan masana'antun Bompai da suka rufe tun daga shekarun 1980.

Roƙona ga editocin mujallarmu ƙarami ne: a buɗe shafin cike gurbi da Hausa, a gina tambayoyinsa a kan sunayen unguwanni da sana'o'i da kayan aikin dukawa, irin waɗanda yaran yanzu suka fara mantawa. Sai dai a fara yanke shawara ko "sh" da "ts" gida ɗaya za su ci ko biyu, a kuma tabbata maɗaba'a ba za ta mayar da ƙ ta zama k ba, don kada ƙafa ta koma kafa.