In Babu Riga, Babu Shiga: Jawabin Buɗe Yawon Gulbi a Arkilla

Shafi biyu na farkon takardar jawabin gaisuwa ce zalla. Sakataren kwamiti da mataimakinsa ne suka kwana suna jera ta, shi kuwa shugaban, dattijon da ya ajiye alli bayan ya tsufa a aikin koyarwa, ya karanto ta tiryan-tiryan a rumfar da aka kafa a filin wata makaranta a Arkilla, da sanyin safiyar wata Asabar ta hunturu. Bayan bisimilla da salati ga Fiyayyen Halitta, ya yi wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi da Gwamnan Jiha addu'ar fatan alheri, sannan ya sauko kan waɗanda ke zaune a gabansa: masu unguwanni, limamai, Sarkin Ruwa da tawagarsa ta sarkawa, shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, 'yan kasuwa, direbobi, 'yan agaji, iyaye mata, manema labarai. Da ya zo ƙarshen jerin sai ya ɗaga kai ya ce sakatare ya manta da masu masa da masu hura da suka riga kowa zuwa, kuma shi ba zai yi gangancin ɓata wa mai ludayi rai ba. Aka yi dariya, matan suka rangaɗa guɗa.

A kan teburin da ke gabansa an ajiye filafili, da gora irin ta masunta, da rigar kariya guda ɗaya ruwan lemo. Arkilla ba ta da gaɓar ruwa, don haka waɗannan ukun ne suka tsaya a madadin jiragen da ke jira can bakin gulbi.

Abin da aka taru a ƙaddamar, kamar yadda takardar ta bayyana, yawon shaƙatawa ne na rabin yini domin iyali. Mota za ta kwashi mutane daga unguwa zuwa mashiga, a shiga jirgi a bi Gulbin Rima, a tsaya a tudun yashin da ke fitowa idan ruwa ya ja baya, yara su yi wanka, a ci abinci, a dawo gida kafin Azahar. An ware wurin mata daban da na maza. An kewaye wurin yara da igiya da goruna a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Shugaban ya ce mutumin Sakkwato ya daɗe yana kallon gulbi a matsayin wurin aiki kawai, na mai noman albasa da shinkafa a fadama, da masunci, da mai ɗibar yashi, da mai wanki, alhali a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, babu inda ya fi bakin ruwa daɗin zama a duk faɗin garin.

Daga nan ya shiga lissafin nasarori, kuma bai yi rowa ba. Kwamiti ya zauna da sarkawa har suka amince. An gyara jirage an toshe su an shafa musu fenti. An koya wa samarin unguwa ceton wanda ya nutse. An samu malamar asibiti da za ta riƙa bin kowace tafiya. An buga tikiti, an buɗe littafin rajista, an sayi usur, an ɗinka wa ma'aikata riguna iri ɗaya, har tabarmin salla da butoci sai da ya ambata. Wasu abubuwan bai tsaya bayani a kansu ba, irin su "matsalar bara" da "abin da ya faru da motar farko", domin duk wanda ke rumfar ya san zancen.

Muryarsa ta sake da ya zo kan jigon tafiyar, wato tarihin gulbin kansa. A nan malamin da ke cikinsa ya fito. Ya ce duk yaron da ya shiga jirgin zai sauko da sanin cewa ruwan da ya taɓa ya biyo ta gefen Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ya wuce ta Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837. Zai ji cewa Bello ya kafa Sakkwato a 1809 a kan tudu kusa da mahaɗar Rima da Gulbin Sakkwato, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo garin a 1815 ya rasu a 1817, kuma a nan Baturen nan Clapperton ya iske Bello a 1824. Ruwan kuwa bai tsaya ba, ya miƙe ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kogin Neja. Ya tuna wa jama'a ambaliyar Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har malamai da ɗalibai suka koma shiga kwale-kwale kafin sojoji su shimfiɗa gada mai yawo a kan ruwa. Ya ce shekarar nan farfesa da mai tallar rake a jirgi guda suka riƙa hayewa, kuma mai fito ne shugabansu duka.

Ya leƙa maƙwabta a gurguje. Argungu ta mayar da ruwanta abin alfahari tun 1934, da su da kabanci da tseren jirage a Matan Fada, har UNESCO ta sanya bikin kamun kifinta cikin al'adun duniya a 2016. A Yamai ana ɗaukar baƙi a kwale-kwale su yi yawo a Kogin Neja. A Legas iyalai na shiga jirgi zuwa gaɓar Tarkwa Bay. Kanawa na da Tiga. To Sakkwato mai gulbi biyu fa?

Saura shafi guda a takardar lokacin da ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ɗauki rigar nan ruwan lemo ya ɗaga ta sama, Hausar takarda ta tafi, Sakkwatanci ya dawo bakinsa.

"Iyayena da ƙannena, wagga riga ita ta kawo ni nan," in ji shi. "Duk abin da munka lissaho, in babu ta, banza ne."

Abin da ya biyo baya ya fi dukan sauran jawabin tsawo, kuma babu wanda ya motsa. Ya fara da Shagari, watan Afrilun 2022, cikin azumi, inda jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana aka rasa rai 29. Shekara na zagayowa, a watan Mayun 2023, a ƙaramar hukumar Shagari dai, yara 15 daga Dandeji suka nutse a hanyarsu ta zuwa itacen girki. A Agustan 2024 abin ya zo har ƙofar gida, a Dundaye, cikin ƙaramar hukumar Wamakko da Arkilla take ciki, inda jirgi ya kife da manoma masu hayewa zuwa gonakinsu. A Agustan 2025 kuma wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Ya ƙara da Bagwai ta Jihar Kano, ƙarshen Nuwamban 2021, inda ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi suka halaka a madatsar Watari. Da ya ambaci wannan sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya juya ya dubi layin 'yan makarantar da ke zaune a kan tabarma.

Ya ce ƙaddara gaskiya ce, kuma babu Musulmin da ke jayayya da ita, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Sanadin waɗannan haɗurra ba ɓoyayye ba ne: lodi fiye da kima, tsohon katako mai yoyo, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, da fasinja babu riga. Dokokin NIWA, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, sun hana tafiyar dare sun kuma wajabta sanya rigar, sai dai doka tana takarda, jirgi yana gulbi. Saboda haka kwamitinsa ya yanke hukunci ɗaya wanda babu roƙo a cikinsa. Adadin riguna shi ne adadin fasinja. Jariri a baya ma rai ne, ana ƙirga shi. In babu riga, babu shiga.

A daidai nan wani saurayi a bayan rumfa ya ce shi ai ya iya iyo. Shugaban bai bar maganar ta wuce ba. "Ɗana, waɗanda munka binne, da yawa sun hi ka iyawa. In jirgi ya kihe, ba ruwa ɗai ka ja ka ba, wanda bai iya ba shi ka riƙe maka wuya." Sannan ya juya wajen Sarkin Ruwa ya rusuna. "Ranka shi daɗe, Baba, ko na yi ƙarya?" Tsohon ya girgiza kai, ya ce bai yi ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan ƙorafinsa. Rigunan da ke hannu ba su kai kujerun jiragen ba, kuma na yara ƙanana sun fi wuyar samu, domin rigar babba a jikin yaro zamewa take yi ta kansa idan ya faɗa ruwa. Ya ce sun kai takardar neman taimako wani ofishi har sau uku, kullum a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Bai faɗi sunan ofishin ba. Ya ce akwai kuma wasu da suka ji labarin shirin suka riga su zuwa gaɓa, suna kwasar yara ranar Juma'a da yamma a kan kuɗi kaɗan, babu riga babu rajista, suna yawo da cewa kwamitin Arkilla tsada gare shi. Tsadar, in ji shi, kuɗin riga ce da albashin mai ceto. Ya ce ba ya gaba da kowa, ƙofarsa a buɗe take su zo a koya musu kyauta, amma ranar da ya sake ganin an cusa yara a jirgi kamar buhunan albasa, da ƙafarsa zai kai ƙara. Ya dubi layin 'yan kasuwa ya ce wanda ya iya ɗaukar nauyin kati da kalanda, riga goma ba za ta gagare shi ba. Kafin ya rufe baki wani Alhaji ya ɗaga hannu, wani ya bi.

Malamar asibitin ce ta miƙo masa 'yar takarda, ya karanta ya ce ta tuna masa da tsargiya. Wannan ma ya ba ta haƙƙinta. Cutar tana fitowa ne daga ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa mai kwanciya da ciyayi, ƙwayar ta ratsa fata yayin wanka, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Ya ce a da akan ɗauka alamar balaga ce ga ɗa namiji, kuma wannan kuskure ya cuci mutane da yawa. Sun zaɓi wurin wanka a inda ruwa ke gudu a kan yashi, nesa da kududdufi, amma ya faɗa wa iyaye gaskiya cewa hakan rage haɗari ne kawai. Duk wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa ya garzaya asibiti, maganin praziquantel yana nan kuma yana aiki.

Haka ya yi maganar ruwan kansa. Zurfin Rima a rani ya dogara ne da abin da aka sako daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 domin ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma a 2018 an ga yadda ta ja baya har gari ya shiga fargabar ƙishirwa. Tudun yashin da aka yi wanka a kansa yau, gobe yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa. Ya roƙi Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sanar da su kafin a saki ruwa, ya kuma ce da damina babu tafiya ko ɗaya, kuma kowace safiya sai sarkawa sun shiga sun auna da gora da sanda kafin yaro ya tsoma ƙafa, kamar yadda Sarkin Ruwan Argungu ke duba Matan Fada kafin a faɗa su.

Magana mafi nauyi ta zo ne kusa da ƙarshe, kuma ba ta cikin takardar sakatare. Yawon na Asabar da Lahadi ne kawai. Sauran kwana biyar, rigunan ba za su kwanta a sito ba, za a ba masu fito aronsu a rubuce, domin manomi mai hayewa gona da yarinya mai zuwa itace su ma su sa. Wannan shawara ta cancanci a tsaya mata. Waɗanda ruwa ya ci a Shagari da Dundaye da Goronyo ba shaƙatawa ta kai su ba, neman abinci ne, kuma da an sayi riguna domin 'ya'yan masu hali kaɗai, da shirin ya zama abin kunya ga unguwar. Wasu 'yan kwamiti sun ji tsoron rigunan za su ɓace ko su yage, kuma tsoron nasu yana da dalili. Shugaban ya amsa musu a bainar jama'a cewa wadda ta ɓace shi zai biya daga fanshonsa.

Direbobi sun fara danna oda a bakin titi lokacin da ya zaro takardar daga aljihu ya karanta layin ƙarshe yadda aka rubuta masa, cewa da sunan Allah Mai Rahama Mai Jin Ƙai ya ƙaddamar da wannan shiri domin amfanin al'umma. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Sakatare ya tsaya a ƙofar mota da littafin rajista yana kiran suna, mataimakinsa yana miƙa riga ɗaya-ɗaya, malamar asibiti tana jan igiyar kowane yaro ta ga ta kama. Riguna suka ƙare saura iyali biyu a layi, ɗaya daga cikinsu iyalin ƙanin shugaban ne. Aka rubuta sunayensu a tafiyar gobe, motar ta tashi zuwa gulbi.