Jawabi Kan Kare Injinan Da Muke Aikawa Gida

Mai girma Shugaban taro, iyayenmu Hakimin Kankiya da Bebejin Katsina Hakimin Kusada, malamai, 'yan uwa maza da mata.

Mu mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas mun saba haɗa kuɗi mu sayi kayan aiki mu aika gida: keken surfani mai kwamfuta, na'urar buga takardu da makamantansu. Sai a yi 'yan watanni a ce allon wutar ya ƙone, a jingine inji a lungu. Ina so in bayyana ɗaya daga cikin dalilan haka.

A cikin waɗannan injina akwai moto mai juyawa taku-taku, galibi taku 200 a zagaye ɗaya. Kowane taku, taransisto ne ke sakar wa kwayil wuta, sannan ya yanke. To, tun shekarar 1832 Joseph Henry na Amurka ya bayyana cewa kwayil ba ya yarda a yanke masa wuta farat ɗaya. Ƙarfin maganaɗisun da ya tara sai ya dawo da baya, kamar yadda bututu ke bugawa idan an rufe famfo da sauri. Wutar volt 24 tana iya haurawa ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido, ta fasa taransiston.

Maganin shi ne dayod, ɗan abu mai barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai. Akan ɗaura shi a juye, ya zauna shiru, sai wutar ta dawo ya buɗe mata hanya ta huce. Guntun ULN2003 yana zuwa da nasa a ciki. Shi kuwa L298 sai an saka masa guda takwas, masu saurin aiki. Haka kuma, kada a cire wayar moto alhali inji yana kunne.

Iyayena da 'yan uwa, kuɗin dayod bai kai na kwanon abinci ba, amma rashinsa kan salwantar da jarin marainiya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya, duk injin da za mu aika, mu ware kuɗin koya wa matashi ɗaya daga Kankiya da ɗaya daga Kusada gyaransa.

Allah Ya albarkaci garuruwanmu. Wassalamu alaikum.