Hurumin Garinmu a Gaban Dokokin Jiha: Wa Ke Riƙe da Daji, Burtali da Mashaya?

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

  



Shugabannin ƙungiya sun umarce ni da in yi bayani a kan dokokin da suka shafi filayen jama'a da namun daji da kare muhalli. Fage ne mai faɗi ƙwarai, saboda haka zan tsaya a kan abin da ya taɓa mu kai tsaye, wato hurumin garinmu: makiyaya, da burtalin da shanu ke bi, da mashaya, da ɗan kurmin da ya rage mana. Kowa a wannan zaure ya san waɗannan wurare na jama'a ne. Tambayar ita ce, shin doka ma ta san da haka?

Kakanninmu ba su bar ƙasa sakaka ba. Kowane gari yana da huruminsa, inda ba a noma kuma ba a gini. Sarkin Dawa da Sarkin Baka sun san lokacin farauta da lokacin barinta, kuma mai gona ya san cewa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ba a sa musu gatari. Addini ya ƙarfafa wannan tsari, domin malaman fiƙihu sun yi bayanin keɓe fili saboda amfanin kowa, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a raya ba. Amma duk wannan tsari a kan shaidar dattawa ya dogara. Dattijo ne zai nuna da sandarsa ya ce daga wancan gawo zuwa wancan kwari burtali ne. To, dattijon ya koma ga Mahaliccinsa, gawon kuma ya zama gawayi.

A ɓangaren rubutacciyar doka kuwa, tun a 1910 Turawa suka sanya ƙasar Arewa a hannun Gwamna, aka sabunta dokar a 1916, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar filaye a 1962. Wadda ke aiki a kanmu a yau ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris, 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa. Sashenta na farko ya damƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Filayen birni Gwamna ke bayarwa, na karkara kuma ƙaramar hukuma. An kuma dasa wannan doka a cikin tsarin mulki, a sashe na 315 na kundin 1999, ta yadda gyara ta sai an bi hanya mai wuya irin ta gyaran tsarin mulkin kansa.

Akwai wurare uku a cikinta da nake roƙon 'yan uwa su riƙe. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum guda filin noma har hekta 500, ko filin kiwo har hekta 5,000, ba tare da ta nemi amincewar Gwamna ba. Ku auna hekta 500 da girman makiyayarmu, za ku ga cewa sa hannu ɗaya ya isa ya haɗiye ta har da ragi. Sai sashe na 3, wanda ya ba Gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, kuma da zarar ya yi haka, filayen yankin sun fita daga hannun ƙaramar hukuma. Na ukun shi ne batun diyya. Idan gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a a ƙarƙashin sashe na 28, abin da ake biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar, kamar gini ko shuka, ba kuɗin ƙasar ba. Makiyaya ba ta da gini, burtali ba shi da shuka. A idon mai lissafin diyya, wurin da ya ciyar da shanun gari shekara ɗari fili ne kawai da ba kowa a kansa.

Wani zai ce ai tsarin mulki ya kare muhalli. Haka ne, sashe na 20 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dajin Nijeriya. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda shi kansa tsarin mulkin ya ce ba a kai ƙarar gwamnati a kan rashin cika shi. Gwamnatin tarayya kuma tana da nata hukumomin. Bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA. Amma daji da namun daji da filin kiwo, in ban da manyan gandayen da aka miƙa wa tarayya da yardar jiha, al'amari ne na jiha. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne, itacen da ke samanta kuwa Majalisar Dokokin Jiha ce ke da ta cewa a kansa. Mu mazauna birane mun saba zuba ido ga Abuja, muna sane da sunan kowane minista, alhali da yawanmu ba mu san ko wane ne shugaban kwamitin muhalli a majalisar jiharmu ba.

Jihohin Arewa sun gaji dokoki masu kyau daga gwamnatin Sardauna: dokar daji, da dokar namun daji ta 1963, da dokar keɓe makiyaya ta 1965. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi ba mu darasi. An ware makiyayu fiye da 400 a ƙasar nan, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai aka kammala musu aiki, wato safiyo ya auna, aka kafa duwatsun iyaka, aka buga a gazet ɗin gwamnati. Sauran sun tsaya a matsayin niyya. Makiyayar da aka buga a gazet, wanda ya shige ta ya karya doka, kuma kafin a raba ta sai an fito fili an soke umarnin da ya kafa ta. Wadda ba a buga ba kuwa, ana yanka ta gona-gona ba tare da an karya komai ba. Idan burtali ya toshe, saniya ba ta tashi sama, ta cikin gona za ta bi. Abin da ke biyo baya ba sai na faɗa ba, kowa ya ga yadda rigimar gona da kiwo ta rikiɗe a wasu sassan Zamfara da Katsina. Ba na cewa rashin gazet ne kaɗai ya jawo wannan musiba, amma yana cikin tushenta. Wanda kuma ke shakkar ƙarfin majalisar jiha, ya dubi Binuwai, inda doka ɗaya ta 2017 ta haramta kiwon sake a faɗin jihar. Ko mutum ya yarda da ita ko bai yarda ba, ta nuna inda wuƙa da nama suke.

Haka batun yake ga namun daji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, sannan aka mayar da shi ga Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwayen da ke cikinsa na daga cikin garkunan da suka rage a Nijeriya. Abin da ya tsare su shi ne iyaka sananniya da masu gadi da ake biya albashi. Sambisa ma gandun namun daji ne a takarda, amma da kulawa ta janye, kowa ya san waɗanda suka mayar da shi mafaka. Rugu da Kamuku da Falgore duk sun ɗanɗani irin wannan a lokuta daban-daban. Dajin da hukuma ta hana talaka shiga, ita kuma ba ta tsare shi ba, ɓarawo aka keɓe wa. Ga kuma tarar da zamani ya wuce: dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke shirin ƙarewa ta yanka tarar Naira 1,000 a laifin farko, kuma a haka ta zauna sai a 2016 aka ɗaga ta zuwa miliyoyi. Mafarauci ya daɗe yana sayar da fata ɗaya ya biya tara, ya koma daji da canji.

A nan zan ɗan dakata, domin kada a fahimce ni a karkace. Ba ina kiran a miƙa kurminmu ga gwamnati ta kulle ba ne. Iyayenmu sun tuna zamanin da ganin malamin daji ke sa mace ta yar da itacen girkinta ta ruga. Dokar da ta mayar da itace dukiyar hukuma ta koya wa manomi cewa duk tsiron da ya fito a gonarsa masifa ce, gara ya sare shi tun yana ƙarami kafin ya jawo masa tara. 'Yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun gane wannan. Tun daga shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski har su girma. Da hukuma ta sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan gonarsa da itacen da ya raina, sai abin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, harshenmu ɗaya, irin nomanmu ɗaya. Mu kuwa shekara nawa muka yi ana bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, akuya ta ƙarasa aikin kafin kaka?

Tsohuwar dokar daji ta Arewa ma ta tanadi wani matsayi da ya dace da mu, wato dajin al'umma, wanda ake keɓewa bisa buƙatar mutanen gari, su ne kuma ke kula da shi suna cin amfaninsa. Wannan nake ganin ya kamata mu nema wa kurminmu, makiyaya da burtali kuma a nema musu awo da gazet.

Ranka ya daɗe, akwai wata magana mai ɗaci da ba zan tsallake ba. Manomin ƙauye ba shi da kuɗin sayen hekta hamsin a zagaye da waya. Mu ne muke da shi, mu da muke zuwa gida da Sallah. Buhunan gawayin da ake lodawa a bakin hanya, a gidajenmu na birni ake ƙona su. Sau da yawa wanda ya sayi gefen burtali bai ma san burtali ba ne, domin ya bar gida tun yana yaro, takardar da aka ba shi kuma tana ɗauke da hatimi. Ba zargin kowa nake yi ba, amma ƙungiyar da ta gina ajujuwa ta haƙa rijiyoyi, bai kamata a ce 'ya'yanta ne suka rufe hanyar mashaya ba.

Abin da nake roƙon wannan taro ya amince da shi bai fi ƙarfinmu ba. A cikinmu akwai lauyoyi, akwai safiyo, akwai ma'aikatan gandun daji masu ci da masu ritaya. A kafa ƙaramin kwamiti daga cikinsu, aikinsa na farko shi ne ya je ma'aikatar filaye da ta muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma ya binciko matsayin kowane yanki na huruminmu a takarda: wanne aka buga a gazet, wanne ba a buga ba, wanne aka riga aka bayar. Bayan haka a zagaya iyakokin da ƙafa tare da dagatai da sauran dattawan da suka san su, da Arɗo da mutanensa, da Sarkin Noma, a auna, a zana taswira, kowa ya sa hannu. Wannan zagaye shi ne mafi gaggawa, domin shaidun da za su nuna iyaka suna raguwa kowace shekara. Kuma kada a yi shi ba tare da makiyaya ba, domin taswirar da ɓangare ɗaya ya zana sabuwar rigima ce.

Da taswira a hannu sai a tunkari ƙaramar hukuma da kwamitinta na ba da shawara kan rabon filaye, wanda dokar 1978 ta tanada, sannan a kai wa ɗan majalisarmu na jiha buƙatar a rubuce. Duk lokacin da majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan ƙudurin daji ko filaye ko kiwo, ya zama ƙungiya tana da wakili da takarda. 'Yan uwa da ke babban birnin jiha su ne suka fi dacewa da wannan, tunda tafiyar ba ta wuce kuɗin mota ba. Kafin a kammala, ina ba da shawarar kowane ɗan ƙungiya da zai sayi fili a gida ya fara tuntuɓar kwamitin, a duba masa ko wurin ya shiga hurumi. Kuɗin safiyo da na duwatsun iyaka kuwa, ina roƙon ma'aji ya sanya su cikin kasafin bana, kwamitin kuma ya kawo rahotonsa a rubuce a taron baɗi idan Allah Ya kai mu.