Firgici Yana Barin Tabo A Jiki: Jawabin Taron Wata

 

Ni ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, amma yau zancen wata masaniya na kawo muku, saboda abin da ta gano ya shafi gidajenmu. Sunanta Rachel Yehuda, farfesa ce a asibitin koyarwa na Mount Sinai da ke New York a Amurka. Fiye da shekara 30 tana bin tambaya ɗaya: mutum ya tsira daga bala'i, me ya sa jikinsa bai yarda ya tsira ba?

To, ga yadda abin yake. Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadari mai suna kotisol. In tsoro ya kama mutum, zuciya ta buga, gumi ya karyo, kotisol yana ƙara sukari cikin jini don a sami ƙarfin gudu. Amma yana da wani aikin da ya fi wannan: in hatsari ya wuce, shi ne mai taka wa jiki birki, ya ce a huta haka nan.

Da, likitoci sun ɗauka duk mai ciwon firgici kotisol ɗinsa sama yake. Sai wannan baiwar Allah da abokan aikinta suka auna fitsarin tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, masu mafarkin yaƙi da zabura cikin dare. A 1990 suka buga sakamako: nasu ƙasa yake, bai kai na masu lafiya ba. Mota ce ke nan birkinta ya yi sanyi. Masana da yawa sun yi shakka, sai ta koma garin da ta tashi, Cleveland, ta auna tsofaffin Yahudawa da suka tsira daga sansanonin Hitila. A 1995 ta nuna masu ciwon cikinsu su ma nasu ƙasa yake, shekara 50 bayan yaƙi. Hamsin fa, jama'a!

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na mata masu ciki. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, an bi mata 38 da ke da juna biyu a wurin ko kusa da shi. A 2005 aka bayyana cewa waɗanda firgicin ya zame wa ciwo, jariransu ma kotisol ɗin yawunsu ƙasa yake, musamman in cikin ya tsufa lokacin harin. Daga baya ta yi wani binciken kan ko tabon yana bin gado zuwa 'ya'ya, amma mutanen da ta auna kaɗan ne, masana na ta muhawara a kai. Wannan kada mu ɗauke shi yankakke.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 14 ga Afrilu 2014 bom ya tashi a tashar Nyanya, mutum sama da 70 suka rasu. A shekarar kuma mutanen Gwoza suka yi ta kwararowa Durumi da Kuchingoro. Waɗanda suka ga irin wannan suna cikinmu, suna dako, suna tuƙa Keke, wasu mun ba su 'ya'yanmu. Taya ta fashe a titi, ka ga ƙato ya kwanta ƙasa, yara na dariya. Mace ta daina barci, ta riƙa dukan yara ba dalili, sai a ce iska ce, ko a ce raunin imani ne. Haba! Mai ciwon sukari ba mu ce masa haka.

Addu'a tana nan, ba wanda ya ce a bari. Amma in wata guda ya wuce mutum bai daina mugun mafarki da zabura ba, ko yana gudun wurin da abin ya faru, a kai shi asibiti. Akwai sashen masu wannan lalura a Babban Asibitin Ƙasa da asibitin Karu, ga kuma na Barnawa a Kaduna. Ina roƙon shugaba a sa kuɗin motar irin waɗannan cikin asusun taimako, a tattauna a zama mai zuwa.