Bakin 'Yar Tsana Ba Ya Nauyi

Muna gaida mutanen Miskin da na kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangi, da direbobi da 'yan kasuwa da ke kan hanyar Buwar zuwa Garwa-Bulai, da ardo-ardo da makiyaya a ruga, duk inda muryarmu ta riske ku. Yaya iyali, yaya dabbobi, yaya kasuwa? Allah ya sa albarka.

Yau a filinmu na al'adu maganar wasan 'yar tsana za mu yi. Na san wani dattijo zai ce, haba, duk matsalolin da ke gabanmu, sai wasan yara? To baba, a yi haƙuri a saurara. A yau akwai manyan gidajen wasan kwaikwayo a duniya da mutane ke biyan kuɗi su cika su maƙil don kallon 'yar tsana, kuma mu ma muna da gadonmu a cikin wannan sana'a.

Bari mu fara daga gida. A ƙasar Hausa, musamman wajen Nijar, akwai wasan da ake kira ɗiyan dabo, a Barno kuma ana ce masa dogodogo. Wani Bature mai suna Ellison ya rubuta bayanin wanda ya gani a Barno tun 1935. Mai wasan ba ya bukatar ɗaki ko dandamali. Sanda yake kafawa, ya lulluɓa mata babbar riga ta zama kamar 'yar bukka, ya shige ciki, sai ka ga 'yan mutum-mutumi suna leƙowa daga sama, suna gaisawa, suna cacar baki. Yakan sa wani ɗan abu a baki, wanda akan yi da ɓawon ƙwan jimina, muryarsa ta koma siririya kamar ba ta ɗan Adam ba. Wasa ya ƙare, ya naɗe kayansa a jaka, ya nufi kasuwa ta gaba. Wato dai shi ma ɗan fatauci ne, hajarsa ce kawai ta bambanta da taku.

Kuma fatake sun daɗe suna ɗaukar wasa tare da kaya. A Wagadugu ta Burkina Faso har yanzu yara na yin wasan Dodo cikin watan azumi, ɗan uwan tashenmu, kuma fataken Hausawa ne suka kai shi can.

To, 'yar tsana iri-iri ce. Akwai ta hannu, wadda ake zura hannu a ciki kamar safa, irin ɗiyan dabo ke nan, da Aragoz na Masar. Akwai ta zare, wadda ake sarrafawa daga sama. Akwai ta sanda, wadda ake ɗagawa daga ƙasa. Mutanen Segu da Markala a Mali sun shahara da ita a bikinsu na Sogo Bo, inda ake fito da siffofin namun daji da na mutane, wasu ma a cikin kwalekwale a kan kogin Kwara. Akwai ta inuwa, a yanka fata a riƙe ta tsakanin fitila da farin ƙyalle, kamar Karagoz a Turkiyya da Wayang a Indunusiya. A Japan kuma akwai Bunraku, mutum uku kan 'yar tsana ɗaya, kuma ba sa ɓuya, kana ganin su.

Masu wasan zamani sun haɗa waɗannan duka. A 1981 aka kafa wata ƙungiya mai suna Handspring a Afirka ta Kudu. A 2004 suka haɗa hannu da Yaya Kulibali na Bamako da ƙungiyarsa ta Sogolon, suka yi wasa kan wani labari na gaskiya da zai yi wa makiyaya daɗi. Muhammadu Ali Basha na Masar ya aika wa sarkin Faransa kyautar raƙumar dawa da aka kamo a Sudan. Ta sauka daga jirgin ruwa a Marsai, sannan a 1827 aka kora ta a ƙasa har Faris, tafiyar kwana 41, ga shanun tatsa a tare da ita don nonon da take sha. Kun ga ai mashekari ke nan. Kuma wanda aka ɗora wasan a kansa shi ne Atir, bawan Allahn da ke kiwon ta.

Su ne kuma suka ƙera dawakin wasan War Horse da aka fara a Landan a 2007. Doki ne na kara da ƙyalle, girman doki na gaske, mutum uku ke riƙe da shi: ɗaya kai, ɗaya ƙirji da ƙafafun gaba, ɗaya baya. Asirin aikin kuwa, ku makiyaya kun riga kowa saninsa. Ta yaya kake gane saniya ba ta da lafiya tun daga nesa? Kunne, wutsiya, numfashi. To, abin da suka zauna suka koya ke nan. Da kunne ya motsa, haƙarƙari ya ɗaga ya sauka, sai ɗan kallo ya manta da mutum ukun nan.

Daga nan 'yar tsana ta fita daga ɗaki ta hau hanya. A 2021 wata mai suna Amal, tsayinta mita 3.5, siffar yarinya 'yar gudun hijira daga Siriya, ta taso daga Gaziyanteb a Turkiyya ta ratsa ƙasashe har Mancesta a Ingila, wajen kilomita 8,000. A watan Afrilun 2025 kuma garken namun daji na kwali da katako ya taso daga Kinshasa, nan maƙwabtanmu, ya bi ta Legas da Dakar da Maroko har ƙarshen arewacin Turai, don nuna yadda sauyin yanayi ke korar dabba daga mazauninta. Wanda ya taɓa neman ruwa da ciyawa da rani ba sai an yi masa fassara ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Kowa a Miskin ya san abin da ya faru a 2013 da 2014. Iyalai sun watse zuwa Kamaru da Cadi, wasu sun dawo, wasu har yau. Akwai maganganu da yawa da suka tsaya mana a maƙogwaro. Manomi na da tasa kan gonar rogo da aka cinye, makiyayi na da tasa kan burtali da aka toshe da shanun da aka kore, ɗan kasuwa na da tasa kan shingayen hanya. In mutum ya faɗa da bakinsa, kafin a ji maganar sai an tambaya, ɗan wace ƙabila ne, wane addini yake bi? Amma a ce saniya ce ta tsumma ta fito tana gardama da saiwar rogo, ita tana Fulatanci ko Hausa, shi yana Sango, wa zai zare mata wuƙa? Dariya za a fara yi, kuma wanda ya yi dariya ya riga ya saurara. Bakin 'yar tsana ba ya nauyi.

Sai dai da sharaɗi. Harshe ba shi da ƙashi, amma yana karya ƙashi. Kada a ambaci sunan kowa, kada a kwaikwayi ƙabila don a wulaƙanta ta, kuma kowane ɓangare ya sha nasa zambon daidai. In saniya ta ci rogo da magana yau, gobe rogo ya rama.

Wasu iyaye za su tambaya, ina matsayin addini? Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana, kuma sahabbai mata sun yi wa yara abin wasa na ulu don su shagala su kai azumi. Malamai sun yi bayani mai faɗi kan siffofi da iyakokinsu, don haka mai shakka ya tuntuɓi malaminsa. Abin da muka sani shi ne, ba tsafi a ciki. Kalmar dabo ce ke tsorata mutane, alhali sanda ce da tsumma da gwanintar hannu.

Kayan aikin ma ba sai an je Duwala ba. Tela na da ƙyallayen da yake zubarwa, mai shago na da kwali, ga ƙoƙo, ga kara, ga fatar akuya, ga tocilan na wayar hannu in inuwa ake so. Malaman makaranta da shugabannin matasa, ku gwada ko da sau ɗaya ne, da yamma a ƙofar gida.

Ranar 21 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar wasan 'yar tsana ta duniya. Kafin ta zagayo, dattawan da suka taɓa ganin ɗiyan dabo da idonsu, a Damagaram ne, a Barno ne, ko a wata kasuwar kan iyaka, ku aiko mana da abin da kuka gani, mu karanta wa jama'a a wannan fili.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Matafiya, Allah ya kiyaye hanya. Makiyaya, Allah ya tsare garke. Wassalamu alaikum.